Takardun da Marubutan Zariya Suka Bari: Amsoshin Tambayoyinku

Zariya gari ne na takarda. A nan Hukumar Fassara ta zauna tun farkon shekarun 1930 kafin ta zama Hukumar Talifi. A nan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Janairun 1939, a nan aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, sai hukumar adabi ta Arewa, NORLA, a shekarun 1950, sai kamfanin buga littattafai na Arewa, NNPC, a 1966. Editoci da masu fassara da akawuna da masu buga tafireta da suka yi aiki a waɗannan wurare sun bar 'ya'ya da jikoki a gari, sun kuma bar adakoki. Tambayoyin wannan fitowa duk a kan abin da ke cikin adakokin ne. Masu amsawa ma'aikatan adana takardun tarihi ne da masu nazarin adabin Hausa.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malamai. Mahaifinmu marubuci ne. Ya rasu ya bar adakar ƙarfe cike da wasiƙu da littattafan rubutu da wani labari da aka buga da tafireta wanda bai taɓa fitowa ba. Yayanmu ya ce a kai su shago a yi musu lamineshin don kada su lalace. Mu kai? (Wata mai karatu, Tudun Wada)

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Ki ba Yaya haƙuri, kada a kai. Injin lamineshin da zafi yake narkar da gam, gam ɗin ya ratsa cikin zaren takarda, kuma idan ya shiga ya shiga ke nan. Asid ɗin da ke cin tsohuwar takarda yana nan a kulle da ita cikin leda yana ci gaba da aikinsa, ga shi an rufe ƙofar magani. Hukuncin salatef ɗaya ne da wannan: bayan 'yan shekaru ledar ta ɓare ta faɗi, gam ɗin ya bar tabo ruwan ƙasa a kan rubutu.

Abu na farko da za ki yi shi ne ki hana kowa jera takardun. Mai son tsabta zai ce wasiƙu gefe, rasit gefe, hotuna gefe, nan take ya ɓata shaida. Wasiƙar da ba ta da kwanan wata, maƙwabtanta a cikin ɗauri su ne ke faɗin shekararta. Ki ɗauki hoton adakar kamar yadda aka buɗe ta, sannan ki riƙa ɗebo takardun hawa-hawa, kowane ɗauri a ajiye shi daban. Ambulan ya zauna tare da wasiƙarsa, don kan sarki da hatimin gidan waya suna jikinsa.

Sai lamba. Da fensir mai taushi, irin 2B, ki rubuta ƙaramar lamba a kusurwar bayan kowace takarda. Ban da biro. Ki sami littafin rubutu ki ja layuka: lamba, kwanan wata, daga wa, zuwa ga wa, boko ne ko ajami ko Turanci ko Larabci, shafi nawa, lafiyar takardar yaya. Wannan rajista ita ce rabin aikin, kuma ita ce za ta tona asiri ranar da wani ɗan uwa ya ari takarda bai mayar ba.

A cire duk wani ƙarfe da roba. Fil da kilif da ƙusar sitefula suna tsatsa da damina, tsatsar ta huda takarda. Kada a sa abin cire sitefula na ofis, yaga yake yi. A kifa takardar yadda ƙafafun ƙusar za su dubi sama, a cusa guntun leda mai kauri a ƙarƙashinsu, a ɗaga su ɗaya bayan ɗaya da bakin siririyar wuƙa, a juya a zare. Shafukan da suke tare sai a sa su cikin farar takarda da aka ninka biyu, su ci gaba da zama tare.

Wajen fayil, wanda ba shi da asid ya fi. In bai samu ba, farar takardar fotokwafi mai girman A3 idan aka ninka ta za ta wadatar, kowace ta ɗauki takarda 10 zuwa 15. A guji fayil mai launi, don yana zuba idan ya ji danshi, a guji ambulan ruwan ƙasa, a guji nannaɗewa da jarida. Guntayen jarida da Baba ya yanka ya ajiye ma a raba su da wasiƙu da farar takarda a tsakani. Takardar jarida ta fi kowace saurin lalacewa, kuma tana shafa wa ta kusa da ita.

Adakar kanta ba laifi idan ba ta yi tsatsa ba, amma a shimfiɗa mata kwali a ciki, a ɗaga ta daga ƙasa aƙalla santimita 15, a janye ta daga bangon da ruwan sama ke duka. Ɗakin da ke da silin ya fi wanda kwano ke gasawa kai tsaye.

Ga wani abu da ya shafi garin nan musamman. Da hunturu danshin iska a Zariya yakan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, tsohuwar takarda ta bushe ƙayau kamar ganyen kaka. Wasiƙar da ta shekara sittin a ninke, idan aka buɗe ta a Janairu, a kan layin ninkin za ta karye. Da marka kuwa danshin yakan haura kashi 80, fumfuna kuma tana fara tsiro ne tun daga wajen kashi 65. Lokacin da ya fi dacewa da buɗe ninkakkun takardu shi ne ƙarshen damina, Oktoba zuwa farkon Nuwamba, sa'ad da takarda take da laushi amma iska ta fara bushewa. Wadda ta ƙi buɗuwa a bar ta a ninke har a sami gwani.

Tambaya: Malamai, ni ɗalibin digiri na biyu ne, ina son yin nazari a kan wasiƙun Alhaji Abubakar Imam. Ta ina zan fara? (Wani ɗalibi, Samaru)

Amsa: Malam, ka fara da riƙe wannan ƙa'ida: wasiƙa ba ta kwana a gidan wanda ya rubuta ta. A gidan wanda aka aika wa take. Abin da ke saura wajen marubuci shi ne amsoshin da aka aiko masa, da kwafin kabon idan da tafireta aka buga. Saboda haka aikinka na farko shi ne jera mutane da ofisoshin da ya yi hulɗa da su, zamani bayan zamani, sannan ka tambayi inda takardun kowannensu suka tafi.

An haife shi a Kagara a 1911, ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya koyar a Midil ta Katsina. Yana can ya shiga gasar ƙagaggun labarai ta 1933 da Ruwan Bagaja. A 1936 aka kawo shi Zariya ya rubuta Magana Jari Ce, daga baya ya zama editan Hausa na Gaskiya Ta Fi Kwabo. Aro malami daga lardi zuwa lardi a zamanin Turawa ba ya yiwuwa sai da takarda, kuma irin waɗannan takardu fayilolin gwamnati suke shiga. Wannan shi zai kai ka Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna. Can an kasa fayiloli ne bisa ofishin da ya samar da su: SNP na Sakataren Lardunan Arewa, ZARPROF na Lardin Zazzau, KATPROF na Lardin Katsina. Kuskuren da ɗalibai suka fi yi shi ne neman sunan marubuci a jerin fayiloli, in ba su gani ba su juyo gida. Akawun Turawa da sunan al'amari yake buɗe fayil, da Turanci kuma: hukumar talifi, jaridar harshen gida, littattafan makaranta, rubutun Hausa. Da waɗannan za ka nema. Ka rubuta cikakkiyar lambar kowane fayil da lambar shafi tun kana zaune a wurin, don komawa Kaduna saboda lamba ɗaya ba ƙaramar asara ba ce.

A 1943 ya je Ingila cikin tawagar 'yan jaridun Afirka ta Yamma, tafiyar da ta haifar da Tafiya Mabuɗin Ilmi. Can ya gana da Lugga, tsohon Gwamnan Nijeriya, suka kuma yi musayar wasiƙu a kan halin da Arewa take ciki. Takardun Lugga suna ɗakin karatu na Bodleian a Jami'ar Oxford, kuma ana iya duba jerinsu ta intanet. Kafin ka kai can, ka karanta littafin tarihin rayuwarsa da Abdurrahman Mora ya tsara, NNPC ta buga a 1989. Sai dai ka tuna wasiƙar da aka buga a littafi ta bi ta hannun edita. In ka sami ta asali, ka gwada su layi-layi.

Nan kusa da kai akwai Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim na Jami'ar Ahmadu Bello, a Kaduna kuma akwai Gidan Arewa, cibiyar binciken tarihi da ke ƙarƙashin jami'arku. Kada ka raina jaridar kanta: filin wasiƙun masu karatu da amsoshin edita su ma musayar wasiƙu ne, kuma suna da kwanan wata. Idan za ka je wajen iyali, ka tafi da takardar gabatarwa daga sashenku, ka bi ta hannun babba, kada ka roƙi a ba ka aron komai ka fita da shi.

Tambaya: Wani ya kawo mini wasiƙa yana son in saya. Ya ce ta 1936 ce, da hannun ɗaya daga cikin marubutan da suka ci gasar farko. Yaya zan gane ta gaske ce? (Wani mai sayar da littattafai, Sabon Gari)

Amsa: Alhaji, kafin ka dubi rubutun, ka tambayi isnadi. Daga hannun wa ta fito, shi kuma daga hannun wa, har a kai ga wanda aka aika wa. Mai takardar gaskiya yakan iya kawo wannan silsila, sau da yawa ma da wasu takardun gidan da suka zo tare. Wanda ya ce tsinta ya yi, ko ya ce ba a so a faɗi sunan gidan, ka yi hattara: ko jabu ce, ko an ɗauke ta ba da sanin magada ba. Ta biyun ta fi ta farkon jawo rigima.

Sai kayan rubutu, don su ba sa ƙarya. Biro bai shiga kasuwa ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1945, Bic kuma sai 1950. Wasiƙar 1936 da biro, magana ta ƙare. A lokacin da alƙalamin tsomawa ake rubutu, ko mai shan tawada, ko fensir. Tawadar ofis mai shuɗi-baƙi tana da ƙarfe a cikinta, shi ya sa takan koma ruwan ƙasa da tsufa, ta bar inuwa a bayan shafi, wani lokaci har ta cinye takardar inda alƙalami ya daɗe. Akwai kuma fensirin akawu wanda ke komawa shunayya idan ya ji ruwa.

Ka auna takardar. Ofisoshin zamanin Turawa fulsikaf suke amfani da ita, inci 8 da 13, ko ƙaramarta mai inci 8 da 10. A4, mai milimita 210 da 297, ba ta zama ruwan dare a nan ba sai bayan an koma ma'aunin mita a shekarun 1970. Ka haska ta da fitilar nan ta duba jabun kuɗi. Takardar zamani tana ƙyalli da shuɗin haske saboda sinadarin ƙara fari da masana'antu suka fara zubawa a shekarun 1950. Ta 1936 ba za ta yi wannan ƙyalli ba. Ka ɗaga ta ga hasken taga ka nemi tambarin da ke cikin jikinta. Wasiƙun ajami da yawa a kan takarda mai tambarin jinjirin wata guda uku aka rubuta su, wadda ake kawowa daga Italiya, sai dai an daɗe ana shigo da ita, don haka tana nuna tsufa ne kawai, ba ta faɗin shekara.

Idan da ambulan, kan sarki zai taimaka. Sarki Joji na Biyar ya mutu a Janairun 1936, na Shida ya yi mulki har 1952, hoton Sarauniya Elizabeth kuma sai daga 1953 ya hau kan sarkin Nijeriya. Cikin wasiƙar ma akwai tarko ga maƙaryaci. Kuɗin lokacin fam ne da sule da kwabo, naira sai 1 ga Janairun 1973. Ba a san Jihar Kaduna ba sai 1976. Takarda mai tambarin Kamfanin Gaskiya ba za ta riga 1945 ba. Wanda bai riga ya je Makka ba kuma ba zai sa hannu da Alhaji ba.

Rubutun Hausar ma yana da zamani. Haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, a cikin shekarun 1930 aka tsayar da su. Kafin nan akan ɗiga ɗigo a ƙarƙashin harafi ko a sa masa alama a gefe, tsofaffin takardu kuma za ka ga ch inda muke sa c yau. Yawancin tafiretocin ofis ba su da masu lanƙwasar, sai a buga k ko d a bi da alƙalami a ƙara ƙugiya, ko a bar su haka. Tsohuwar wasiƙa da ta bi ƙa'idojin rubutun yau sak, da rabin kalma da haɗinta yadda ake koyarwa a aji yanzu, abar tuhuma ce.

A ƙarshe ka kashe fitila ka haska tocila daga gefe, a kwance. Alƙalami da fensir da tafireta duk suna barin gurbi, har akan ji shi da yatsa a bayan shafi. Fotokwafi ba ya barin komai, baƙinsa a sama yake kwance. Sa hannu kaɗai ba hujja ba ne, shi aka fi iya kwaikwaya. Sai an gwada shafi guda da wani rubutun da aka tabbatar nasa ne. In ta bayyana kwafi ce da wani ɗa ko akawu ya yi daga baya, tana da amfaninta ga masu bincike, muddin an kira ta kwafi, an kuma yi mata kuɗin kwafi.

Tambaya: Labarin kakanmu kwafi uku muka samu. Biyu duk kashe-kashe ne da gyare-gyare, ɗaya ne mai tsabta. Mu riƙe mai tsabtar mu zubar da sauran? (Wani jika, Kwarbai)

Amsa: Subhanallahi, kada ku soma. Masu kashe-kashen su ne dukiyar. Mai tsabta tana nuna inda marubuci ya sauka, masu datti su ke nuna hanyar da ya biyo.

Dubi littattafan gasar 1933: Ruwan Bagaja, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi, wanda sunan John Tafida da na Rupert East suke kansa tare. Dukansu ta teburin East, shugaban Hukumar Talifi, suka bi. Tambayar da masu nazari ke yawan yi ita ce, ina hannun marubuci ya tsaya, ina na edita ya fara? Littafin da aka buga ba zai amsa ba, don injin bugawa ya mai da muryoyin biyu ɗaya. Daftari mai tawada iri biyu ne kaɗai ke raba gardama. Haka nan labarin da aka ɗauko daga Larabci ko Turanci aka sa masa rigar Hausa, a daftari ake ganin inda aka canja suna, aka sauya gari, aka cusa karin magana.

Gane wanda ya riga wani ba wuya. Ku ɗauki gyara ɗaya da aka yi da hannu a gefen shafi a kwafi na farko. Idan kun tarar da shi ya shige cikin layin da aka buga a kwafi na biyu, to na farkon ne babba. Ku gwada da wurare biyar ko shida, kada ku tsaya a ɗaya, don marubuci yakan koma tsohon kwafi ya yi gyara. Kwafin kabon kuma ku riƙa kama shi ta gefe, baƙinsa yana bin yatsa.

Tambaya: Mun tarar gara ta shiga akwatin, ga kuma ɗigar ruwa ta jiƙa na sama. Mu fesa fiya-fiya mu shanya a rana? (Wata uwargida, Gyallesu)

Amsa: Ko ɗaya, Hajiya. Fiya-fiya guba ce ga mai taɓa takardun nan gaba, kuma maganin feshi yana barin tabo, yana narkar da wasu tawadoji. Gara daga ƙasa take zuwa ta hanyar da ta gina, gidanta ba a cikin akwati yake ba. A kwashe takardun zuwa wani ɗaki, a kakkaɓe su da burushi mai laushi, wadda ta rage a ciki za ta mutu da kanta tun da an raba ta da gida. Magani a ƙasa da bango za a sa, bayan an fitar da takardu. Shafin da ta ci kada a cire shi, ko rabi ne ya rage.

Kyankyaso da ƙananan ƙwarin da ke huda littafi su ne ke zama a ciki su yi ƙwai. Maganinsu sanyi: a kulle busassun takardu cikin leda biyu, a matse iska, a sa a firiza mai kai digiri 18 ƙasa da sifili, kwana 7 ba yankewa, in an fitar a bar ledar a kulle awa 24 kafin a buɗe, don raɓa ta sauka a kan leda maimakon takarda. In ba ku da tabbacin wuta na mako guda, ku bar wannan hanya.

Jiƙaƙƙun su ne na gaggawa, don fumfuna takan kama cikin kwana biyu. A shimfiɗa su ɗaya-ɗaya a kan farar takarda ko tsabtataccen zane, a inuwa, a kunna fanka tana juya iskar ɗaki amma ba ta hura su kai tsaye ba, a riƙa canja shimfiɗar in ta jiƙe. Rana tana kodar da tawada, tana gasa takarda ta kakkarye. Dutsen guga ya fi ta ɓarna. Waɗanda suka manne da juna kada a ɓamɓare su. Rubutun tawadar gargajiya mai ƙaro kuwa kada a dangwala masa komai, ko auduga, don da ruwa ake wanke ta tun a allo. In fumfunar ta riga ta fito, sai ta bushe sarai za a share ta da burushi, a waje, da takunkumi a hanci.

Tambaya: Hoton waya ya isa, ko sai an sayi sikana? (Wani malamin makaranta, Wusasa)

Amsa: Ya isa, Malam, in an yi shi da tsari. Abin da ake nema aƙalla ɗigo 300 a kowane inci. Kyamarar waya mai megafiksel 12 tana ba da ɗigo 4000 a tsawo, fulsikaf kuma inci 13 ce, ka ga an sami 300 da 'yan kai idan takardar ta cika hoton. A kafa wayar a kan wani abu tana duban ƙasa sak, kada a riƙe da hannu. Hasken taga ya fi, a kashe filashi. A shimfiɗa baƙin kwali, a ajiye rula a gefe, a bar gefunan takardar huɗu su fito. A ɗauki gaba da baya ko da bayan fari ne, a ɗauki ambulan. Manhajojin da ke mai da hoto fari fat da baƙi ƙirin suna share rubutun fensir da bambancin tawada, a kashe wannan. Sikana mai jan takarda da kanta kuwa, tsohuwar takarda ba ta fita daga cikinta lafiya.

Sunan kowane hoto ya zama lambar da ke bayan takardar. A ajiye kwafi uku: a kwamfuta, a faifan ajiya na waje da za a kai wani gida, da kuma a intanet. WhatsApp yana matse hoto ya rage masa ƙarfi, sai in an aika shi a matsayin fayil. Tarin da ya yi yawa ana iya nema masa tallafi daga shirin ceto takardun da ke cikin haɗari na Ɗakin Karatun Birtaniya, wanda aka fara a 2004. A tsarinsa takardun asali ba sa barin ƙasarsu, hotuna ne ke tafiya.

Tambaya: Mu goma sha ɗaya ne magada. Wasu na son a raba takardun kowa ya riƙe nasa, wasu na son a buga wasiƙun littafi, wasu na son a kai jami'a. Mene ne shawara? (Babban ɗa, Ƙofar Doka)

Amsa: Yallaɓai, takardu suna cikin dukiyar gado, hukuncin rabonsu na malamai ne da alƙali. Abin da za mu ce ta fuskar aikinmu shi ne, tarin da aka kasa goma sha ɗaya ya tashi daga aiki. Tambaya tana Kano, amsarta tana Legas, babi na uku yana wajen wadda ta yi aure a Bauci. Ku zauna ku amince a rubuce cewa za su zauna wuri ɗaya, kowane magaji a ba shi cikakken kwafin hotuna. Wasu gidaje sukan mai da irin wannan waƙafi, ku tambayi malaminku yadda ake yi.

Game da bugawa, ku bambance mallakar takarda da haƙƙin abin da aka rubuta a kanta. Wasiƙun da aka aiko wa mahaifinku, takardar taku ce, amma haƙƙin bugawa na wanda ya rubuta ne da magadansa. A dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, haƙƙin rubutun adabi yana nan har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da marubuci ya rasu. Wanda ya rasu a 1981, kamar Abubakar Imam, nasa yana kaiwa ƙarshen 2051. Abin da mutum ya rubuta a bakin aikinsa ko ya sa hannu ya ba kamfani, sai an duba yarjejeniyar, kuma sau da yawa tana nan cikin adakar, don haka a neme ta. Ban da doka akwai kunya: wasiƙa takan ɗauko maganar aure da bashi da saɓani, jikokin waɗanda aka ambata kuma suna nan a gari ana haɗuwa da su a masallaci.

Idan kun zaɓi kaiwa jami'a ko ma'ajiyar gwamnati, ku san kyauta daban, ajiya daban. Kyauta in an bayar ta fita hannunku. Ajiya amana ce, mallaka tana wurinku. Ko wacce kuka zaɓa, a rubuta: jerin takardun da lambobinsu, wa zai iya karantawa, wa zai ba da izinin ɗaukar hoto ko bugawa, waɗanne fayiloli za a rufe kuma har shekara nawa, da sharaɗin karɓowa idan ajiya ce. A sa hannu a kwafi biyu, da hatimin ofis, da sunan hukumar, kada a yi da sunan malamin da kuka sani, don shi zai yi ritaya ko ya canja wurin aiki. Kafin ku miƙa, ku roƙi a nuna muku ɗakin da za a ajiye su. Ku dubi silin ko akwai tabon ruwa, ku dubi gindin kantoci ko akwai hanyar gara, ku tambaya ko akwai na'urar auna danshi da wanda ke duba ta. Bayan wata shida ɗayanku ya koma kamar kowane mai bincike, ya cike takarda ya nemi fayil ɗaya da lambarsa, ya ga ko za a kawo masa, da kuma minti nawa za a ɗauka.